Kwamfuta a Jami'o'in Nijeriya: Sayen Kaya Ya Yi Gaba, Tsari Yana Baya

ABUJA — A ranar 24 ga watan Mayu na shekarar 2024 ne Asusun Ba Ɗalibai Rance na Ƙasa, wato NELFUND, ya buɗe shafinsa na intanet domin ɗaliban manyan makarantun gwamnatin tarayya su fara neman rancen kuɗin makaranta. An shirya cewa bayan wata guda za a buɗe wa ɗaliban makarantun jihohi su ma, amma da lokacin ya matso sai hukumar asusun ta ba da sanarwar ɗage ranar da mako biyu. Dalilin da ta bayar shi ne, da yawa daga cikin makarantun ba su aika mata da bayanan ɗalibansu ba, alhali kuwa sai da waɗannan bayanai ne za a iya tabbatar da cewa mai neman rance ɗalibi ne na gaskiya.

Shugaba Bola Tinubu ya riga ya sa wa dokar asusun hannu tun ranar 3 ga watan Afrilu na wannan shekara, an kuma tanadi kuɗi. Abin da ya kawo cikas tambaya ce da kowane mai shago zai ɗauka mai sauƙi ce, wato su wane ne ɗalibanku, kuma kowannensu yana aji nawa? Makarantun da suka yi jinkirin ba da amsa ba su rasa kwamfutoci ba. Kusan kowace babbar makaranta a ƙasar nan tana da shafin rajista, da ɗakin na'urori, da sashen da ke kula da su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsari guda wanda zai haɗa waɗannan na'urori, da kuma fayyace wanda ke da ikon yanke hukunci a kansu.

Wannan batu ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Su ne iyayen da ke biyan kuɗin makaranta, su ne ke ɗaukar waɗanda suka gama karatu aiki, su ne 'yan kwangilar da ke kawo wa jami'o'i kaya, sannan kuma daga harajin da kamfanoninsu suka biya ne asusun TETFund ya yi ta samun kuɗin gine-gine da na'urori. Harajin nan na ilmi kashi 2 cikin ɗari ne na ribar kamfani a dokar 2011, aka ɗaga shi zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan kashi 3 a 2023. Wanda ya zuba dukiyarsa a wuri kuwa yana da haƙƙin sanin yadda ake juya ta.

Zanen gini kafin aza tubali

Duk wanda ya taɓa gina rukunin shaguna ya san cewa ba a fara aza tubali sai da zane a hannu. Zanen ne ke nuna inda bututun ruwa zai bi, da inda wayar lantarki za ta ratsa, da ƙarfin ginshiƙin da zai ɗauki bene idan an tashi ƙari nan gaba. Wanda ya bar kowane ɗan haya ya gina nasa shago yadda ya ga dama, zai wayi gari magudanar wannan tana zuba a ƙofar wancan, kuma gyaran ya fi ginin farko tsada.

Irin wannan tunani ne wani ma'aikacin kamfanin IBM mai suna John Zachman ya kawo cikin harkar kwamfuta a wata maƙala da ya wallafa a shekarar 1987, inda ya nuna cewa tsarin bayanai na babbar ma'aikata yana bukatar zane kamar yadda gini ko jirgin sama ke bukata. Daga baya aka sami ƙa'idoji irin su TOGAF, wanda aka fara fitarwa a 1995 aka kuma yi ta sabunta shi. Ƙa'idar ta raba zanen hawa huɗu. Hawa na farko shi ne aikin ma'aikatar kansa, wato a jami'a ɗaukar ɗalibai, da koyarwa, da jarrabawa, da bincike, da biyan albashi. Na biyu shi ne bayanan da waɗannan ayyuka ke bukata da kuma ofishin da ke da alhakin kowanne. Na uku manhajojin da ke sarrafa bayanan, na huɗu kuma kayan aiki, kamar manyan kwamfutoci masu ajiya, da wayoyin sadarwa, da wutar lantarki. Daga sama ake saukowa. Sai an san aikin da bayanansa kafin a zo maganar irin na'urar da za a saya.

Zane kaɗai bai isa ba sai da mai tsare shi. Wasu malamai biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Peter Weill da Jeanne Ross, sun yi bayani a 2004 cewa jagorancin harkar kwamfuta a ma'aikata yana nufin fayyace wanda ke da ikon yanke kowace irin shawara, da wanda za a tuhuma idan ta ɓaci. Haka nan ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 38500 ta shekarar 2008 ta ɗora wannan nauyi a wuyan majalisar ƙoli ta ma'aikata, wadda za ta auna bukata, ta ba da umarni, ta kuma sa ido. A jami'a ke nan nauyin yana kan majalisar gudanarwa da shugaban jami'a. Injiniyan da ke ɗakin na'urori mai aiwatarwa ne kawai.

Yadda aka tara kaya gutsure-gutsure

Jami'o'in Nijeriya ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun a shekarar 1963 kamfanin IBM ya kafa cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan. Daga farkon shekarun 2000 gidauniyar MacArthur ta Amurka ta tallafa wa jami'o'i huɗu, wato Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da ta Ibadan, da ta Fatakwal, kuma wani kaso na tallafin ya tafi ne ga hanyoyin sadarwa da ɗakunan karatu. A 2010 wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, farashin intanet ya fara sauka. A 2014 kuma aka ƙaddamar da NgREN, wato layin sadarwar da ya haɗa jami'o'in tarayya 27, ƙarƙashin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa tare da tallafin Bankin Duniya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ci gaba ne na gaske. Sai dai kusan dukkansu sun zo ne a matsayin aiki mai ranar farawa da ranar ƙarewa, da kuɗin mai ba da tallafi ko na asusun gwamnati, kuma kowanne da nasa sharuɗɗa. A cikin jami'a ma haka abin ya kasance. Ofishin magatakarda ya nemi manhajar rajista, ofishin ma'aji ya sayi ta lissafin kuɗi, makarantar karatun gaba da digiri ta ɗauko nata ɗan kwangila, asibitin jami'a da ɗakin karatu da ofishin ɗakunan kwana kowa ya yi nasa. Kowane ofishi yana da hujjarsa, domin aikinsa ne ya matsa masa, kuma ba wanda zai jira sai an gama taron shekara uku kafin ya yi wa ɗalibai rajista.

Sakamakon shi ne ɗalibi guda yana iya kasancewa a rumbun bayanai biyar ko shida, a wani an rubuta Muhammad, a wani Mohammed, a wani an sa sunan mahaifi a gaba, a wani a baya. Ma'aji yana da adadinsa na waɗanda suka biya kuɗi, magatakarda yana da nasa na waɗanda suka yi rajista, sashe kuma yana da jerin waɗanda suka zauna jarrabawa. Idan adadin uku bai zo ɗaya ba, to ko dai akwai kuɗin da ya zurare, ko kuma akwai ɗalibin da za a hana shiga jarrabawa ba da laifinsa ba. Daga nan ne jinkirin fitar da cikakkiyar takardar sakamako ke samo asali, abin da kan jawo wa wanda ya gama karatu asarar gurbin ƙarin karatu ko na aiki, ya kuma sa kamfani ya yi ta jiran tabbacin takardar shaidar ma'aikacin da ya riga ya ɗauka.

Bugu da ƙari, jami'a ba ita kaɗai take cin gashin kanta ba. Tun daga 2015 aka wajabta wa jami'o'in tarayya zuba kuɗin shigarsu a asusun bai-ɗaya na gwamnati, wato TSA, ta hanyar manhajar Remita. A 2017 hukumar JAMB ta kawo tsarin CAPS, wanda ta nan ne ake tabbatar da ɗaukar kowane ɗalibi. A 2021 aka wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ga mai neman zana jarrabawar shiga jami'a. Hukumar yi wa ƙasa hidima tana bukatar jerin waɗanda majalisar malaman jami'a ta amince sun kammala, ga kuma NELFUND da ta zo da nata bukatu. Jami'ar da ke da rumbu guda ingantacce tana amsa wa kowace hukuma daga wuri ɗaya. Wadda ba ta da shi kuwa, duk lokacin da sabuwar bukata ta zo daga Abuja sai ta kafa kwamiti, ma'aikata su kwana suna kwafe sunaye da hannu.

Rikicin IPPIS da UTAS

Babu inda tsadar rashin daidaita ikon yanke hukunci ta fito fili kamar a rikicin manhajar biyan albashi. Idan za a iya tunawa, gwamnatin tarayya ta fara aiki da tsarin IPPIS a shekarar 2007 da taimakon Bankin Duniya, da nufin tattara bayanan ma'aikata wuri guda da toshe kafar ma'aikatan bogi, daga baya kuma tsarin ya koma hannun ofishin Babban Akanta na Ƙasa. A watan Oktoba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin cewa duk mai karɓar albashi daga asusun tarayya ya shiga tsarin.

Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ƙi amincewa. Hujjarta ta farko ta shari'a ce, cewa dokar jami'o'i da aka yi wa gyara a 2003 ta ba majalisun gudanarwa ikon ɗaukar ma'aikata da tafiyar da harkokinsu. Ta biyu kuma ta yanayin aiki ce. Jami'a tana da malaman da ke zuwa daga wata jami'a na wucin gadi, da masu hutun bincike na shekara guda, da malaman ƙasashen waje, da alawus na aikin da ya wuce ƙa'ida, sannan farfesa yana ajiye aiki ne yana da shekara 70. Manhajar da aka ƙera domin ma'aikacin ofishin gwamnati, in ji ƙungiyar, ba ta san da waɗannan ba. Gwamnati kuwa ta tsaya kan cewa tunda ita ke biya, dole ta ga sunan kowane mutum da take biya.

ASUU ta shiga yajin aiki a watan Maris na 2020, ba ta janye ba sai a ƙarshen watan Disamba, ko da yake annobar korona ta rufe makarantu a wani ɓangare na wannan lokaci. A cikin shekarar ce ta gabatar da manhajarta mai suna UTAS. Ƙungiyoyin ma'aikatan da ba malamai ba, SSANU da NASU, su ma suka fito da tasu. Aka miƙa wa hukumar NITDA aikin gwaji, a 2022 hukumar ta ce UTAS ba ta tsallake wasu gwaje-gwaje ba, ASUU ta musanta. Wani yajin aikin ya fara ranar 14 ga Fabrairu na 2022 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Gaskiya ne cewa akwai sauran bukatu a cikin yaje-yajen, kamar yarjejeniyar 2009 da kuɗin farfaɗo da jami'o'i, amma batun manhaja yana cikin manyan abubuwan da suka hana sulhu. A ƙarshe, ranar 13 ga Disamba na 2023, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilmi daga IPPIS, kuma a ƙarshen 2024 aka mayar da biyan albashinsu ta tsarin GIFMIS.

Idan aka haɗa, wata goma sha bakwai ke nan cikin shekara uku da ƙofofin jami'o'in gwamnati da dama suke rufe. Ba ɗalibai kaɗai suka ji a jikinsu ba. Masu gidajen haya a Samaru, da masu abinci da buga takardu a Kabuga, da masu shaguna a Agbowo ta Ibadan da Akoka ta Legas, da masu ababen hawa da ke jigilar ɗalibai, duk cinikinsu ya tsaya, kuma babu wanda ya biya su diyya.

A mahangar tattalin arziki, kowane ɓangare yana da bukata ta halal. Mai biyan kuɗi yana son ya tabbatar ba a yi masa cushe ba, mai gudanar da aiki kuma ya fi kowa sanin yanayin aikinsa. Ana iya biya wa kowa bukatarsa ba tare da an tilasta manhaja guda ba. Gwamnati tana iya gindaya irin bayanan da take so a kan kowane ma'aikaci, da sigar da za a aiko su, da lambar shaidar da za a tantance su da ita, da 'yancin masu binciken kuɗi su duba a kowane lokaci, sannan ta bar wa majalisar kowace jami'a ƙa'idojin ɗauka da biya. Wannan shi ne aikin zane, kuma a teburin shawara ake yin sa kafin a kira mai rubuta manhaja. Da aka tsallake wannan mataki, sai aka shafe shekara huɗu ana gardamar wace manhaja ta fi, alhali ainihin gardamar ta iko ce.

Kada kuma a ɗauka cewa talauci ne ke jawo irin wannan. A shekarar 2000 Jami'ar Cambridge ta Ingila ta fara aiki da sabon tsarin lissafin kuɗi mai suna CAPSA, wanda ya ci fam miliyan 9 da ɗoriya, amma ya jefa sassan jami'ar cikin ruɗani har biyan 'yan kwangila ya yi wuya. Rahotannin binciken da Farfesa Anthony Finkelstein da Michael Shattock suka gabatar a 2001 sun ɗora babban laifin a kan yadda aka tafiyar da aikin da raunin tsarin shugabancin jami'ar. Idan wurin da ke cike da masana kwamfuta ya yi tuntuɓe a kan wannan dutse, to sauran sai su yi hattara.

Darasi daga JAMB

Abin da ya faru da jarrabawar shiga jami'a ta 2025 ya nuna fuska biyu ta tattara komai wuri guda. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015. Da aka fitar da sakamakon 2025, sai aka ga fiye da mutum miliyan 1.5 daga cikin kimanin miliyan 1.9 sun sami ƙasa da maki 200 cikin 400, ƙorafi ya yi yawa. A ranar 14 ga Mayu magatakardan hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an sami kuskure, wanda ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Bayanin hukumar shi ne, wani gyara da aka yi wa manhaja bai hau yadda ya kamata a kan wasu manyan kwamfutocin da ɗaya daga cikin kamfanonin da ke yi mata aiki yake kula da su ba.

Gyara ɗaya da ba a bi diddiginsa ba ya taɓa rayuwar iyalai kusan dubu ɗari huɗu. Wannan ya nuna dalilin da ya sa ƙa'idar sauya wani abu a manhaja, wato wa zai ba da izini, wa zai gwada, wa zai tabbatar an gama, take cikin abubuwan da shugabanni ya kamata su riƙa tambaya a kai. A ɗaya ɓangaren kuma, saboda bayanan suna wuri guda, hukumar ta iya ƙididdige waɗanda abin ya shafa har zuwa mutum na ƙarshe, ta kuma fara sake musu jarrabawa cikin kwana biyu. Jami'ar da sakamakon ɗalibanta ke warwatse a kwamfutocin malamai daban-daban, ko kuskuren ma ba lallai ta gano shi ba, balle ta san yawan waɗanda ya shafa.

Kuɗin da ba a rubuta a takardar kwangila

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen babbar mota ya san cewa kuɗin saye somin-taɓi ne, ga mai, ga taya, ga direba, ga gyara. Tsarin kwamfuta ma haka yake, kuma a nan ne kasafin jami'o'i ya fi rauni, domin samun kuɗin sabon gini ko sabbin na'urori ya fi samun na kula da su sauƙi. Gini ana yanka masa kintinkiri a ɗauki hoto, sabunta lasisi kuwa ba a yi masa biki.

Lasisin manhajojin ƙasashen waje da hayar wurin ajiyar bayanai a rumbunan manyan kamfanoni galibi da dala ake biya. Kafin sauyin tsarin canji na watan Yuni na 2023 ana sayar da dala kimanin Naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Jami'ar da ta sa hannu a kwangilar dala alhali kuɗin shigarta na Naira ne, nauyinta ya ninka sau uku ba tare da ta ƙara ko kujera ɗaya ba. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar lantarki na rukunin A zuwa Naira 225 kowane ma'auni, rukunin da manyan jami'o'i da dama suka faɗa ciki, alhali ɗakin manyan kwamfutoci yana bukatar wuta da sanyi dare da rana. Katsewar wayoyin ƙarƙashin teku ta ranar 14 ga Maris na 2024, wadda ta taɓa har bankuna, ta kuma tuna wa kowa haɗarin dogara da layi guda. Sai kuma batun ma'aikata, inda jami'a ke horar da matashi, da ya ƙware sai banki ko kamfanin sadarwa ko wani kamfani na ƙetare ya ɗauke shi da albashin da ba za ta iya biya ba. Idan shi kaɗai ya san sirrin manhajar, to ya tafi da makullin gida a aljihunsa.

Har ila yau, doka ta ƙara wani nauyi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin sa'a 72 idan aka sami kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, kuma tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Jami'a tana riƙe da lambar shaidar ɗalibi, da bayanan asibitinsa, da na bankin ma'aikaci. Masu kutse kuma sun san darajar wannan, domin bayan harin da aka kai wa Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan a watan Disamba na 2019, sai da ta biya kusan Yuro 200,000 kafin aka buɗe mata rumbunanta.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya duba

A shekarar 2024 jami'o'in ƙasar nan sun haura 270, fiye da rabinsu masu zaman kansu ne, wasu ma 'yan kasuwa ne suka kafa su. Kasuwa ce babba ga masu sayar da na'urori, da masu shimfiɗa waya, da masu haɗa wutar sola, da masu rubuta manhaja na cikin gida, musamman ganin cewa umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 da mai lamba 005 na 2018 sun bukaci hukumomin tarayya su fifita kaya da ƙwararrun gida. Sai dai mai neman kwangila a jami'ar tarayya ya sani cewa bayan sharuɗɗan Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, tun 2018 an umarci hukumomin tarayya su nemi amincewar NITDA kafin su fara ayyukan kwamfuta, kuma hukumar ta fitar da babban zanen tsarin kwamfutocin gwamnati a 2019. Yana da kyau ya tambayi ko an cika wannan sharaɗi kafin ya ɗauko bashin banki.

Kwangilar da za ta yi ƙarko ita ce wadda ta fayyace cewa bayanan ɗalibai mallakar jami'a ne, ta faɗi sigar da za a miƙa su idan aka rabu, da inda za a ajiye ainihin rubutun manhajar, da kuɗin kulawa na aƙalla shekara biyar. Wasu kamfanoni sukan so barin waɗannan a dunƙule domin jami'a ta kasa rabuwa da su. Ribar wannan dabara gajeriya ce, domin shugaban jami'ar tarayya wa'adi guda yake yi na shekara biyar, kuma wanda ya gaje shi yakan fara ne da binciken kwangilolin da ya tarar. Kamfanin da manhajarsa ke iya musayar bayanai da ta wasu, wanda kuma ya horar da ma'aikatan jami'a, shi ya fi tsallake sauyin shugabanci.

Attajiran da ke zama a majalisun gudanarwa, ko suke ba jami'o'i gudummawa, su ma suna da rawar takawa. Maimakon ƙarin ɗakin kwamfuta mai ɗauke da sunan mai bayarwa, asusun da ribarsa za ta riƙa biyan kuɗin intanet da batura da horar da ma'aikata zai fi daɗewa yana amfani. A zaman majalisa kuma suna iya neman a gabatar musu da jerin dukkan manhajojin jami'ar da kuɗin da kowace ke ci a shekara, da sunan ofishin da ke da alhakin bayanan ɗalibai, da ranar ƙarshe da aka gwada maido da bayanai daga kwafin ajiya. Suna kuma iya neman a kafa kwamiti guda ƙarƙashin shugaban jami'a, da magatakarda da ma'aji da shugaban ɗakin karatu da wakilan tsangayoyi a ciki, wanda babu sashen da zai sayi sabuwar manhaja sai da amincewarsa.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne wanda NELFUND ta yi wa makarantu a 2024 ba da niyya ba. A tambayi magatakarda da ma'aji da shugabannin tsangayoyi, kowa a ofishinsa, yawan ɗaliban da ke karatu a wannan zango. Idan amsoshin suka zo ɗaya a rana guda, to kuɗin da aka kashe a kan na'urori ya yi amfani. Idan kuwa suka saɓa, majalisar gudanarwa ta san aikin da ke gabanta kafin ta amince da wata sabuwar kwangila.